Gyaran da Zuliha Ta Rubuta a Gefe

Duk wanda ya taɓa noman rani tsakanin Kura da Bunkure ya san gona iri biyu ce, akwai ta bakin ruwa, akwai ta wutsiya. Masu gonakin bakin ruwa su ne 'yan gata, da an ɗaga ƙofar kanal, wato babbar hanyar ruwa, sai ruwa ya faɗo musu kamar an aiko shi. 'Yan wutsiya kuwa sai abin da ya rage, in ma ya rage ɗin. To Kawu Usaini ɗan wutsiya ne, kai, shi ne ma ƙarshen wutsiyar. Daga gonarsa sai fako da ƙaya. A nan ya dasa albasa fangali sittin a ranin bara, kuma ita ce abincin gidansa na shekara, ba shi da wata gonar a ko'ina.

'Yar ƙanwarsa, Zuliha, ita ce sakatariyar ƙungiyar masu ban-ruwa ta yankin. Da farko maza sun yi gunaguni, amma da aka nemi wanda ya iya kwamfuta a cikinsu aka rasa, sai kowa ya ja bakinsa. Ta yi difloma a Kano, ta dawo tana koyarwa a Islamiyyar mahaifinta, Malam Musaddiƙ. Ita ce ta kawo wa ƙungiyar wata manhaja ta rabon ruwa, wadda ba a sayar da ita, ba ta kuma da mai ita. Kowa na iya ɗauka, ya buɗe cikinta ya karanta yadda aka tsara ta, ya gyara, ya miƙa wa wani. Kana gaya mata faɗin kowace gona, da abin da aka shuka, da tsawon kwatar da ke kai ruwa, ita kuma ta yanka wa kowa sa'o'insa. Manoma suka laƙaba mata suna Raba-gardama.

Kafin zuwan Raba-gardama, da fartanya da maƙogwaro ake rabon ruwa, kuma a wannan fage Kawu Usaini ba shi da na biyu. In ruwa ya yi jinkiri sai ya saɓa fartanya ya bi kwata sama, duk madatsin da ya tarar ya fashe shi, mai gona na zagi yana ramawa. Zuliha ce ta yi ta lallashinsa har ta kai shi zauren mahaifinta, ya rantse gaban jama'a cewa ya bar fasa madatsin kowa, abin da takardar rabo ta ba shi shi zai karɓa. Ƙungiya ma ta yi nata alƙawarin: ba wanda zai sa hannu ya ƙara wa wani ko da minti ɗaya, abin da na'ura ta fitar shi ne hukunci.

Lokacin sanyi komai ya tafi daidai, har Kawu ya fara yabon abin a majalisa. Amma da zafi ya kankama sai labari ya sha bamban. Takarda ta ba shi sa'a uku. Ruwan kuwa sai ya cinye biyu da rabi a hanya, ya iso gonar a gajiye, ya jiƙa fangali goma, a sauke ƙofa. Albasa ta fara sa kai, daidai lokacin da ba ta haƙuri da ƙishi, sai ga bakin ganyenta ya soma yin ɗorawa.

Ruwa ba ya tsami banza. Wata safiya Zuliha ta ɗaura mayafinta ta sami Baballe, tsohon da ke ɗaga ƙofar ruwa, ta ce ya ɗaga tana kallo. Ta jefa guntun kara a bakin kwata, ta duba agogon wayarta, suka bi shi a ƙafa. Nan ta ga abin da ido. Kwatar ta ƙasa ce, rana ta tsattsaga ta, sai ta sha ta ƙoshi kafin ta bar ruwa ya wuce. Ga ramukan gafiya, ga ciyawar kachala ta tsaya a tsakiya tana tare hanya. Suka auna zurfin ruwan da sanda a sama, suka auna a tsakiya, suka auna a ƙarshe. Kwana uku suna wannan aiki. Kashi ɗaya cikin uku na ruwan ba ya zuwa wutsiya, ƙasa ce ke shanye shi.

"Ai mu mun daɗe da sanin haka," in ji Baballe. "Na'urarku ce ba ta taɓa taka kwata da ƙafarta ba."

Da ta koma ofishin ƙungiya, wani ɗan ɗaki mai fanka ɗaya a bayan injin casar shinkafa, sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta buɗe cikin manhajar. Ta yi zaton za ta tarar da rubutu tsagwaro, marar uwa marar uba. Ina! Kowane layi da sunan wanda ya rubuta shi a gefensa, da ranar da ya rubuta, da dalilinsa. Ta yi ta bi a hankali har ta iso inda ake lissafin ruwan da ke ɓacewa a hanya. Ga shi nan ƙuru-ƙuru: biyar cikin ɗari, ga kowace irin kwata a duniya. Sunan da ke gefe Darmawan, daga ƙasar Indunusiya, shekara tara da suka wuce. Har ya bar 'yar magana a ƙasa, cewa a kwatarsu ya auna, kuma ta siminti ce.

Ta san gyaran. Ba wani dogon aiki ba ne, a cire wannan biyar ɗin, a bar kowace ƙungiya ta shigar da abin da ta auna a tata kwatar. Ta ɗora yatsunta a kan madannai. Sai hannun ya ƙi.

Sai ka san gidan da Zuliha ta tashi kafin ka gane wannan. A zauren Malam Musaddiƙ akwai littattafai rubutun hannu tun na kakan kakansa, kuma 'ya'yan gidan da kwafarsu suke koyon rubutu. Doka ɗaya ce ba a takawa: ba a sa reza a rubutun malami. In mai kwafa ya ga abin da yake zaton kuskure ne, sai ya kwafe shi yadda ya same shi, sannan ya koma gefen takarda ya rubuta da ƙaramin alƙalami cewa haka na tarar, wataƙila daidai shi ne kaza, Allah ne masani. Gyaran cikin littafi kuwa sai mai littafin, ko wanda ya ba izini. Tana 'yar shekara goma sha biyu ta taɓa kankare wani wuri a littafin kakanta ta maye shi da daidai. Malam bai dake ta ba. Kallonta kawai ya yi ya ce, "Kin fi shi gani a nan, amma kin shafe sawunsa. Yanzu wa zai san abin da ya rubuta?" Ta fi shekara ashirin tana jin wannan magana a ƙirjinta.

Saboda haka sai ta bar biyar ɗin Darmawan a inda take. A gefenta, wurin da na'ura ba ta karantawa sai mutane, ta rubuta abin da ta auna. Ta haɗa da wasiƙa mai cike da ladabi, da Turancinta na makaranta, ta gaishe shi, ta gaishe da iyalinsa, ta ce ita ɗaliba ce ƙarama, in ya ga dacewa ya gyara. Ta rufe da addu'a da Larabci kamar yadda ake rufe wasiƙa a gidansu. Ta aika zauren da masu aikin manhajar ke haɗuwa a intanet. Ko kwafin da ke cikin kwamfutar ƙungiya ba ta taɓa ba. Ni dai ba zan kira wannan wauta ba, tarbiyya ce, kuma mai kyau. Sai dai albasa ba ta san ladabi ba, ruwa ta sani.

Kwana ɗaya, kwana biyu, shiru. Kullum bayan an tashi Islamiyya sai ta garzaya ofis ta duba. Ta sake aika gaisuwa, wai ko saƙon farko bai isa ba. A rana ta biyar Kawu Usaini ya zo zauren Malam da la'asar, ya tsuguna, ya ajiye ganyen albasa guda uku a kan buzu. Sun bushe har rabi.

"Allah ya gafarta Malam, a warware mini rantsuwar nan," ya ce. "Zan yi kaffara. Ina tsaye ina kallon abincin 'ya'yana yana ƙonewa, ga ruwa can sama yana wasa a gonar wasu."

Malam ya aika aka kira Zuliha. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce ta gano matsalar, ta rubuta wa mai abin, amsa na nan tafe.

"Ki ƙara mini sa'a biyu da hannunki mana, 'yar nan," in ji Kawu.

"Kawu, in na ƙara maka, gobe za a ce sakatariya ta fifita ɗan'uwanta. Shi ke nan kowa ya koma fasa madatsi."

Kawu ya san gaskiya ta faɗa. Malam ya ce a ƙara haƙuri, tunda an kai magana ga mai ita. Kawu ya tashi ya bar ganyen a kan buzun. Zuliha ta koma ciki, tsoro ya kama ta ƙwarai, domin ita ta ja shi zuwa wannan rantsuwa.

A rana ta tara, da hantsi, amsa ta zo. Ba daga Darmawan ba. Wata mata ce mai suna Fa'iza, injiniyar ruwa a ƙasar Maroko, ɗaya daga cikin masu kula da manhajar a lokacin da suka samu sarari daga nasu aikin. Ta ga addu'ar da ke ƙarshen wasiƙar, sai ta amsa da Larabci. Ta fara da ba da haƙurin jinkiri, ta ce girbi ne ya riƙe su. Sannan ta ce: 'Yar'uwa, Darmawan ya rasu shekara huɗu ke nan. Malamin firamare ne da ya yi ritaya, yana noman shinkafa a ƙauyensu, shi ya fara wannan aiki don maƙwabtansa su daina faɗa a kan ruwa.

Zuliha ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta sake karantawa. Kwana tara tana zaman jiran gawon shanu, tana gaida mutumin da ke kabari.

Fa'iza ta ci gaba. Ta tono wata tsohuwar magana da marigayin ya taɓa rubutawa a zauren, ta liƙo mata. Cewa ya yi, abin da na rubuta shi ne abin da na auna a kwatarmu, wanda tasa ta bambanta ya auna ya gyara, ba sai ya tambaye ni ba. Fa'iza ta ce laifinsu ne da suka bar wannan magana a binne, ba su sa ta a littafin bayanin manhajar ba, inda baƙo zai fara gani. Ta ce, ki yi gyaran da hannunki, mu duba tare. Kada ki ji tsoro, a nan ba abin da ke gogewa. Layinsa zai zauna a tarihi da sunansa, naki ya hau kansa da sunanki.

Zuliha ta ɗauki kwamfutar a hammata, ta tari babur, sai gida. Malam na zaure shi kaɗai yana feƙe alƙalami. Ta karanta masa wasiƙar. Ya ajiye wuƙar ya ce ta nuna masa wannan tarihin da ake faɗa. Ta buɗe, ta matsa masa kusa, ya gyara tabarau. Ta fara ja ƙasa. Suna bayan suna, suna bayan suna. Wannan daga Peru, ya gyara lissafin dankali. Wannan daga Nepal. Wannan daga Masar, ya gyara abin da na Peru ya gyara, na Peru ya dawo ya yi masa godiya. Mutum ɗari biyu da wani abu, daga ƙasashen da Malam bai taɓa jin sunan wasunsu ba, ba wanda ya taɓa ganin wani, ba wanda aka ɗauka aiki. Ta danna wani layi, sai ga yadda yake a da, ga yadda ya koma, ga wanda ya mayar da shi, duk a jere.

Malam ya ƙura wa sunayen ido. Can ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah. Wannan ai silsila ce irin ta malamai, wannan ya karɓa daga wancan." Ya sa yatsa a gilashin kwamfutar a hankali, kamar mai taɓa tsohuwar takarda. "Ke nan mutumin nan shekara huɗu yana kwance, amma kullum safiya shi ke raba mana ruwa a Bunkure? Bai san mu ba, bai san da garin ba?"

"Haka ne, Allah ya gafarta Malam."

"Ikon Allah!" Idonsa ya ciko. Zuliha ba ta taɓa ganin mahaifinta haka ba. Ya cire tabarau ya goge. "Zuliha, mun hana kankarewa ne saboda takardarmu ɗaya ce, in reza ta ci ta tafi har abada. Wannan kuwa tana riƙe da tsoho, tana riƙe da sabo. Da kakanninmu sun sami irinta, da ba su matsa rubutu a gefe ba. Kuma ga izini mai abin ya bayar tun kafin ki san da shi. Ni ma da na ce a jira, ban tambayi yadda abin yake ba. Yi maza, albasar Usaini ba ta da sauran kwana."

A nan kan buzun ta yi gyaran. Da ta zo cire biyar ɗin sai da ta yi bisimilla. Ta aika, tare da duk abin da suka auna da Baballe. Kafin azahar Fa'iza ta duba ta nuna mata wuri ɗaya da ta manta, Zuliha ta gyara. Kafin la'asar wani mutum daga Peru ya gwada a nasu lissafin ya ce ya yi daidai. Sai ga wani daga Nepal ya rubuto doguwar magana, ya ce shekara biyu 'yan wutsiyar ƙauyensu suna zargin na sama da satar ruwa, har an daina gaisawa, ashe kwatarsu ce ta ƙasa. Zuliha ta karanta wa Malam wannan, ya riƙe baki. Aka karɓi gyaran. Fa'iza ta ƙara da roƙo ɗaya: tunda ke kika sha wahalar rashin bayani, ke za ki rubuta shafin farko na littafin, yadda baƙo zai auna kwatarsa da yadda zai kawo gyara.

Da yamma shugabannin ƙungiya suka taru, Baballe ya ba da shaidar awon, aka shigar da shi a na'ura kowa na kallo. Sabuwar takarda ta fito. Duk 'yan wutsiya na kwatoci bakwai sun sami ƙari, Kawu Usaini ya tashi da sa'a biyar. 'Yan bakin ruwa suka ɗan ɓata rai, amma alƙawari alƙawari ne.

Washegari da sassafe Baballe ya ɗaga ƙofa, Zuliha ta bi ruwan a ƙafa. Ta ga kwata ta sha nata, ta ga ramuka sun cika, sannan ruwan ya tattaro ƙarfinsa ya miƙe. Yana gaba tana biye har gonar ƙarshe. Kawu na tsaye a bakin fangalin farko, ya naɗe wando zuwa gwiwa. Ruwan ya shiga, busasshiyar ƙasa ta riƙa tsotsa tana ƙara, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Kawu ya ɗauki fartanyarsa ya shiga aiki. Yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan, har ruwa ya kai inda bai taɓa kaiwa ba tun shigowar zafi.

Amma layukan can ƙarshe ruwan bai same su da rai ba. Ganyen ya kwanta fari fat. Kawu ya sunkuya ya tumɓuke guda, kan bai fi gyaɗa ba, ya murje shi a tafin hannu. Zuliha ta ƙirga da ido. Fangali ashirin da biyu. Da ta yi gyaran ranar da ta gano shi, da duk suna tsaye. Hawaye ya zubo mata, ta durƙusa a kan kunya.

"Kawu, ka yafe mini. Ni na jawo."

Ya dube ta, ya dubi gonar. "Wai da gaske ne mutumin da kike jira ya mutu?"

"Shekara huɗu, Kawu."

"Allah ya ji ƙansa. Ya yi mana abin da rayayyu ba su yi ba." Ya yar da busasshiyar albasar. "Tashi, kada ki ɓata zanenki. Talatin da takwas sun tsira, za mu ci. Malam ya ce an ba ki rubutun littafinsu?"

"Shafin farko ne."

"To me za ki ce musu?"

Ta ce za ta bayyana yadda ake jefa kara a bi shi, da yadda ake auna zurfi da sanda. Kawu ya girgiza kai.

"Wannan daga baya. Yanzu sunanki ne a kan layin nan, ko ba haka ba? Wata rana wata baiwar Allah mai kunya irinki za ta gan shi a can wata ƙasa, ta zauna tana gaishe ki. Fara da abin da ya faru a nan. Ki faɗi adadin, kada ki rage don jin nauyi."

Ta ciro wayarta, tana tsaye a cikin taɓo, ta rubuta da Hausa tukuna kafin ta juya shi zuwa harshen da sauran za su karanta. Da ta gama ta karanta masa:

"A Bunkure an ga kuskure, an jira izini kwana tara, fangali ashirin da biyu na albasa suka mutu. In ka ga kuskure a abin da na rubuta, ka auna, ka gyara, ka aiko a duba tare. Kada ka jira ni. Wataƙila ina gona, wataƙila kuma ba na duniya."

Kawu ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai. "Ya yi," ya ce. "Matsa daga nan, ruwa zai wuce."